Tsallaken Broadnax

Lucius Broadnax mutum ne mai son doka, musamman wadda ya rubuta da hannunsa. Shekarunsa hamsin da tara, talatin daga ciki ya yi su yana koyar da rawar taf, wadda ake buga ƙasa da takalmi mai ƙarfe, a wani ɗaki da ke saman shagon wanki a kudancin Chicago. In injinan ƙasa suka tashi, katakon daɓen ya riƙa kakkarwa ke nan har sabon ɗalibi ya rasa ko ƙarfen takalminsa ne ke ƙara ko ginin ne. Lucius ya ce hakan na gyara kunne. Gaskiyar magana dai ɗakin da ya samu ke nan.

A bana ƙungiyar malaman rawa ta unguwar ta ɗora masa aikin rubuta ƙa'idojin koyarwa, ba don ya fi kowa sani ba, sai don ya fi kowa mita. Ba a yin taro bai miƙe ya yi ƙorafi a kan yaran yanzu ba, masu ɗaukar takun mutane a waya su watsa wa duniya ba tare da ambaton mai shi ba. Da aka gaji da shi aka ce to ya rubuta. Ya kuwa rubuta guda goma sha ɗaya, ya fi ƙaunar ta huɗu: malami ba zai koyar da taku ba sai ya faɗi sunan wanda ya samo shi a ƙafarsa. Wannan ba sabon abu ba ne a wurinsu. Kowa da ido yake koyo, kowa ya taɓa tsayawa a bayan wani yana kwashe masa ƙafa, ba a ɗauke shi abin kunya ba. Abin kunyar shi ne ka kwashe ka haɗiye sunan. Ranar Asabar da yamma Lucius zai karanta ƙa'idojin a bikin bazara na zauren unguwa, daga nan ɗalibansa su taka abin da aka san shi da shi, wato Tsallaken Broadnax.

Takun bugu takwas ne, amma bakwai ake ji. A na shida ƙafar dama kan tashi ta yi gefe kamar taki ɗaya, ta sauka ba ƙara, sannan na bakwai da na takwas su faɗo da ƙarfi. Wannan gurbin Lucius ke kira Shiru, kuma yana da lacca a kansa mai tsawon minti ashirin. A nan ne, in ji shi, mai rawa ke sauraron zuciyarsa, a nan ne waɗanda suka riga mu ke sa baki. Yakan lumshe ido in ya zo wannan gaɓar. Ya maimaita laccar har shi kansa ya yarda da ita.

Cikin ɗalibansa akwai Renita Gaines, direbar bas, mai shekara arba'in da 'yan kai, wadda ba ta iya tauna magana ba. Ita ta ɗauki kanta tana takun a tashar bas lokacin hutunta, ta ɗora a intanet, ta rubuta sunan malaminta ɓaro-ɓaro a ƙasa kamar yadda ƙa'ida ta huɗu ta tanada. Mutane suka yi ta kallo suna turawa. Lucius ya yi kwana uku yana tafiya kamar wanda aka ba sarauta, har ya sayi sabuwar hula.

Ranar Laraba da hantsi wayar ɗakin ta yi ƙara.

"Kai ne Broadnax mai tsalle?" in ji wata tsohuwar murya.

"Lucius Broadnax ne, malamin rawa. Da wa nake magana?"

"Odessa Tillery. Ka zo gobe ƙarfe biyu, gidan tsofaffi na bayan filin wasan yara. Kada ka makara, ƙarfe uku ake ba ni magani." Ta ajiye.

Lucius ya daɗe riƙe da kan wayar. Ya so a ce bai san sunan ba, amma ina. Yana ɗan shekara ashirin da bakwai yakan je ƙasan wani coci ran Juma'a cin soyayyen kifi da burodin masara. Wata rana yana cikin layi ya leƙa ta tagar kicin, sai ya ga wata mata riƙe da tiren burodi, rediyo na yi, ita kuma tana taka wani abu a kan tayil da takalmin aiki, ba ta ma san ana kallonta ba. An ce ita ce Odessa Tillery, kuma da ƙuruciyarta tana cikin 'yan matan da ke rawa a layin baya a gidajen rawa, irin waɗanda ba a buga sunansu a takardar talla. Juma'a uku ya yi yana komawa, kifin ma ba ya gabansa. Bai taɓa ce mata ko sannu ba. Daga baya ya shawo kan kansa cewa ai ya canja takun. Da ya zauna yanzu ya duba da kyau, abin da ya canja suna ne kawai. Kuma, Allah ya yafe masa, ya ɗauka ta mutu tuntuni.

Washegari ya sa kwat, ya sayi kek ɗin dankali mai zaƙi, ya shirya jawabi a hanya, rabi ban haƙuri rabi kare kai. A bakin ƙofa nas ta karɓe kek ɗin ta ce Mis Odessa na da ciwon suga. Haka ya shiga hannu rabbana, da jawabi kaɗai.

Tana zaune a keken guragu kusa da taga, ƙafafunta sun kumbura an naɗe su da bandeji, da ɗan tebur a kan cinyarta. Shekarunta tamanin da shida, amma idon nan bai tsufa ba. Ta kalle shi tun daga sabuwar hular har takalmi.

"Zauna, ɓarawo. Kujerar ba ta cizo."

"Mis Odessa, kafin komai ina so in ce..."

"Na san ka. Kai ne dogon yaron nan mai tsayawa a taga yana barin kifinsa ya huce. Na ɗauka sona kake yi, har na fara jin tausayinka. Ashe ƙafata kake so."

"Mis Odessa, abin da na yi..."

"Sata? Kai yaro, rabin takun nan ni ma a ƙafar Cleophus Mabry na sace shi, mai goge takalma a bakin tashar jirgi. Duk wanda ya tambaye ni zan faɗa masa, sai dai ba wanda ya taɓa tambaya." Ta jawo gilashinta ƙasa. "Ba satar ce ta ƙona min rai ba. Nas ɗin nan ta nuna min direbar bas ɗinku a waya. Yarinyar tana da ƙafa, ba laifi. Amma mene ne wannan tsallen da take yi a na shida?"

A nan Lucius ya ji ƙasa ta dawo ƙarƙashinsa. Wannan fagensa ne. Ya gyara zama, ya haɗa yatsu, ya soma bayanin Shiru da muryar da yake yi wa ɗalibai. Ya kai wajen sauraron zuciya, ya lumshe ido, yana shirin shiga maganar waɗanda suka riga mu, sai ya ji wani sauti. Ya buɗe ido. Tsohuwar dariya take yi har da tari, tana dukan teburin da tafin hannu, hawaye na bin kuncinta.

"Wayyo cikina! Waɗanda suka riga mu! Yaro, rariya ce."

"Na'am?"

"Rariya! A tsakiyar kicin ɗin akwai rariyar wanke ƙasa, murfinta ya kwance. In ka taka shi sai ya tashi ya buge ka a ƙauri. Shekara goma ina faɗa wa fasto a gyara. To ni da tire mai zafi a hannu zan taka? Tsallakewa nake yi." Ta share ido da bayan hannu. "Mutum nawa ka koya wa?"

"Za su kai ɗari huɗu."

"Tabɗi! Mutum ɗari huɗu suna yawo a duniya suna tsallake rariyar cocinmu. Cocin ma an rushe shi shekara goma sha biyu ke nan, wurin ajiye motoci ne yanzu."

Bai taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Ba kunyar ɓarawo kaɗai ba, wannan da ita ya zo. Kunyar ɓarawon da bai ma iya satar ba ce. Ya cire hular ya ɗora a gwiwa don ya samu abin kallo.

"Matso ka ji yadda yake," in ji ta. Ta dunƙule hannuwa biyu, ta buga takun a kan teburin da gaɓoɓin yatsunta. Ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar, sai a na shida dunduniya biyu a jere, ta-dam, sannan bakwai da takwas. Takun ya cika, ya zauna daram, ya fi nasa kyau nesa ba kusa ba. Ta maimaita sau uku, sannan ta buɗe hannuwan ta dube su.

"Ƙafar ta tafi, saura waɗannan," ta ce. Ta juya wajen taga. "Ka san sau nawa aka taɓa kiran sunana a lasifika? Sau ɗaya, ranar da na bar fitilar mota a kunne a wajen coci. Na biyu sai ranar jana'izata, kuma wannan ba zan ji ba." Ta juyo ta dube shi. "Motar gidan nan za ta kai mu bikinku ran Asabar. A gaba ake ajiye masu keke. Je ka, lokacin maganina ya yi."

Ba ta roƙe shi komai ba, kuma wannan ne ya fi damunsa. Da ta ce za ta tona masa asiri da ya san yadda zai yi fushi.

Ranar Juma'a da rana ya zauna a ɗakin rawar da takardar ƙa'idojin a gabansa. Kada a zata tuba ya fara yi. Biro ya ɗauka, ya je ƙarshen ƙa'ida ta huɗu ya ƙara kalmomi uku: idan ya tuna. Ya karanta, ya ga ai ba laifi, mutum ajizi ne, mantuwa kuma ta kowa ce. Yana cikin yaba wa kansa Renita ta hau bene da rigar aikinta, takalman rawa rataye a wuya, ta leƙa ta kafaɗarsa.

"Idan ya tuna? Malam, wannan kuma daga ina? Kai ne fa ka ce wanda ya manta sunan malaminsa ya manta sunan uwarsa."

Ya yi ƙoƙarin kawo wani bayani, bakin ya ƙi. Sai kawai ya faɗa mata duka, tun daga kifin har rariyar. Ya jira ta yi dariya kamar tsohuwar, don shi ma ya samu ya raɓa ya yi. Renita ba ta yi ba. Ta zauna a benci ta sauke takalman daga wuya.

"Ka tuna satin da na binne mahaifiyata na zo aji? Ka yi laccar nan, ka ce a gurbin nan suke sa baki. Na yi kuka a gaban kowa. Tun daga ranar in na zo na shida ita nake tunawa." Ta ɗago kai. "Wato a kan rariya na yi kuka, Malam?"

Lucius ya so ya ce shirun ai shiru ne ko daga ina ya fito, amma ya ji in ya buɗe baki wata laccar ce za ta fito, ya kuwa gaji da muryar kansa.

"A kan rariya," ya ce. "Ki yafe ni."

Ta daɗe tana ɗaure igiyar takalmi. "Goge abin nan da ka ƙara," ta ce. "Sannan ka tashi ka nuna min na gaskiyar."

Ya goge, ya tashi. Ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar, ya ce wa ƙafarsa dunduniya biyu. Ƙafar ta tashi ta yi gefe ta sauka a hankali kamar kullum. Ya sake. Ta sake tsallakewa. Sun yi awa biyu, injinan wanki na rugugi a ƙasa, gumi ya jiƙa masa riga, amma ƙafar da aka yi shekara talatin ana faɗa mata akwai rami a wurin ba ta yarda an cike shi ba. Renita ma haka. Daga ƙarshe dai dariyar ta kufce mata, irin wadda ke zuwa da ɗan hawaye.

Ranar Asabar zauren ya cika. An jera kujerun ƙarfe, an shimfiɗa katako a kan dandamali, ƙanshin soyayyar kaza na shigowa daga baya. Malamai sun zo da ɗalibansu, wayoyi a sama ko'ina. A layin gaba, tsakanin wasu kekuna biyu, ga Odessa Tillery da hular coci shuɗiya da ɗan teburinta a cinya. Ba ta ɗaga masa hannu ba.

Ya karanta ta ɗaya da ta biyu da ta uku lafiya lau. Ya karanta ta huɗu, aka tafa, don kowa ya san ita ce 'yar lelensa. A nan zai iya wucewa ta biyar, ba wanda zai ce uffan, Odessa ma ba za ta ce ba. Har ya ɗora yatsa a kan layin. Sai ya ninke takardar.

"Ta huɗun nan," ya ce, "ni ne na farko da ya karya ta, tun kafin a haifi rabinku. Tsallaken Broadnax ba nawa ba ne. A tagar kicin na sace shi ina jiran kifi."

Wani malami daga baya, wanda Lucius ya taɓa kunyatawa a taro, ya ɗaga murya: "A'a, Malam, ci gaba, muna saurare da zuciya!"

"Ka samu abin da kake jira, ɗan'uwa, ka ji daɗinka," in ji Lucius. "Shirun da na yi ta cika muku kunne da shi kuwa, rariya ce mai kwantaccen murfi. Mai takun tana tsallake ta ne don kada ta fasa ƙauri. Duk wanda ya taɓa lumshe ido a ajina, to rariya ya lumshe wa."

Dariya ta ɓarke, wasu har da bubbuga ƙafa. Ya tsaya ya sha ta duka, don tasa ce. Da ta lafa ya matso da bakinsa kusa da makirufo.

"Takun na Odessa Tillery ne. Ita kuma ta samo rabinsa a ƙafar Cleophus Mabry, mai goge takalma. Ga ta nan a gaba da shuɗiyar hula. Yanzu zan taka muku shi yadda take yinsa."

Ya ajiye takardar ya fito tsakiyar katako. Ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar, ƙafar ta yi gefe abinta. Aka kwashe da dariya. Ya share goshi ya sake, ta sake cin amanarsa a gaban mutum ɗari uku da wayoyinsu. Ya tsaya hannu a ƙugu yana kallon takalminsa. Bai ga lokacin da Renita ta zare makirufon daga sandarsa ta sauka dandamali ba, sai muryarta ya ji daga ƙasa: "Malam, sake."

Ya sake. Ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar, ƙafar ta tashi, sai daga lasifika, ta-dam, sannan ƙafarsa ta faɗo da bakwai da takwas. Ya waiwaya. Renita na durƙushe gaban keken, ta kara makirufon a kan ɗan teburin, tsohuwar kuma hannuwanta a dunƙule.

"Me kake kallo?" in ji Odessa, zauren duka na ji. "Taka mana, ɓarawo."

Ya taka. Ɗalibansa goma sha biyu suka hau suka jeru a bayansa. Duk lokacin da aka zo na shida ƙafafu goma sha uku su tashi su tsallake rariyar da ba ta nan, ita kuma ta cike gurbin da yatsunta, ba ta kuskure ko sau ɗaya ba. Renita na riƙe da makirufon da hannu ɗaya tana goge fuska da ɗayan. Lucius ya ji daɗi da kunya sun cakuɗe masa a ƙirji, bai san wanne ya fi yawa ba. Da suka tsaya mutane suka miƙe.

Ana cikin tafi Odessa ta yafito shi da yatsa. Ya sauko yana haki, ya sunkuya.

"Ɗazu da ka kira sunan," ta ce, "lasifikar na ƙugi. Ban ji da kyau ba."

Ya dube ta. Matar da ta gane bugu ɗaya ya ɓace a 'yar ƙaramar lasifikar waya, a tashar bas, motoci na wucewa, ita ce wai ba ta ji ba. Ya karɓi makirufon daga hannun Renita, ya jira zauren ya nutsu, sannan ya faɗa a hankali, "Odessa Tillery." Ta lumshe ido, laɓɓanta na bin sunan tare da shi.

"Sake," ta ce.